Randar Bakin Gada

Jikana Sagir ne ya zo mani da waya a hannu, yana washe baki, ya ce in duba in ga yadda gadarmu ta yi suna. Na karɓa, na kai kusa da ido, na kai nesa. Dutsen dai namu ne, bakunan nan uku da ruwa ke bi su ne, amma a sama wasu 'yan mata ne cikin leshi sun jeru, kowace ta karkatar da kai kamar mai ciwon wuya. Ya ce har daga Katsina ana zuwa kallo, ya ce ango da amarya ma nan suke zuwa a ɗauke su kafin biki. Na ce, "To madalla, maigida. Mu da muka taka ta da faso a ƙafa ba wanda ya ɗauke mu." Ya ce, "Ke amarya, ai da an ɗauke ki da wayar ta tsage." Haka muke da shi tun yana rarrafe, ni matarshi, shi mijin da bai taɓa ba ni ko kallabi ba. Ya fita yana dariya, ni kuwa ya bar ni da tunanin gadar nan. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin sallah, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mani. Shi ya sa na sa aka rubuta wannan yadda ya fito daga bakina, na kuma hana a gyara mani.

Mu da muka taso ba gada muke ce mata ba, kadarko muke cewa. An gina ta ba a haife ni ba, amma na ji labarin daga bakin Inna har na zama kamar ina wurin. Kafin a yi ta, in damina ta yi nisa rafin nan raba duniya yake biyu. Mutanen wajen Kurfi, su Wurma da Ɗantutture, za su ɗauro hatsi a jaki za su kasuwar Dutsin-Ma, su iske ruwa ya kawo, sai su sauke kaya su zauna a gaɓa suna kallonshi kamar masu zaman makoki. Wani ya yi haƙuri ruwa ya janye, wani ya yi ganganci a rasa jaki da kaya, wani lokaci har da mai jakin. Sai ga Bature da malafa ya zo ya yi aune-aune, mai unguwa ya bi gida gida yana cire namiji ɗaya. Aikin dole ne, ba wanda aka tambaya ko yana so. A hura wuta a kan falalen dutse har ya yi ja, a watsa mashi ruwa ya tsage, a fasa da guduma, a ɗauko a ka. Baba yana cikin masu ɗaukar dutsen, har ya koma ga Allah akwai wurin da gashi bai sake fitowa ba a tsakiyar kanshi. 'Yan mata kuma su ke jidar ruwa, na kwaɓi da na sha. Inna na cikinsu, a nan ma Baba ya gan ta. Babban maginin baƙo ne, Hausarshi a karye, ba ya dariya, kowa tsoronshi yake ji. Inna ta ce kullum in ta kawo tulun ruwan sha wuri ɗaya take aje shi, a bakin gadar ta wajenmu, gindin tsamiya. Ranar da suka zo ɗaure wannan kusurwa, sai mutumin nan ya bar gurbi a jikin ginin, zagayayye, ya shafe shi da hannunshi. Ya kira ta ya nuna mata, ya ce, "Yarinya, nan na tulu." Iyakar maganar da ya taɓa yi mata ke nan. Da aka gama aiki kowa ya watse, aka yi aurenta da Baba, gidanmu ya zama na ƙarshe kafin rafi, sai ta sayi randa ta kai ta zaunar a gurbin. Ba sarki ya sa ta ba, ba malami ya ce ta yi ba.

Ni a kan randar nan na koyi aiki. Da an sallame asuba, kafin a hura wuta, Inna za ta taɓa ƙafata, in naɗa gammo in bi ta. A ciro randa daga gurbi, a zubar da kwanannen ruwa a gindin tsamiya, a cuɗe cikinta da soso, a ɗauraye, a kife ta ta sha iska. A ɗebo jiƙaƙƙen yashi daga rafi a shimfiɗa a gurbin, sannan a mayar da ita ta zauna a kai. A jefa saiwar jema, ciyawar nan mai ƙamshi, a ciki, a cika, a rufe da faifai, a kife moɗa a sama. Kafin rana ta take, jikin randar ya yi zufa, in ka ɗora tafin hannu sai ka ji sanyi ya bi ka har kafaɗa. Wanda bai sha ruwan randa mai jema da tsakar rana ba, bayan ya taho a ƙasa tun daga Karofi, kada ya ce mani ya san ruwa.

Kuma fa hanya ce a lokacin, ba wurin kallo ba. Ina daga cikin gida ina sanin abin da ke haye gadar da kunne kawai. Kofaton jaki a kan dutse ƙas-ƙas yake yi, in kayan sun yi nauyi sai ya ja. Shanu in sun hau, gadar gaba ɗaya sai ta ɗauki gurnani kamar hadari na nesa. Raƙuman masu kanwa ba a jin ƙafarsu, sai dai kukansu da muryar masu jansu. Motar katako kuwa in ta iso, sai direba ya sauke mutane su haye a ƙasa, shi ya lallaɓa, yaron mota na gaba yana ɗaga hannu. Duk waɗannan sai sun tsaya a randa. Ka ji ƙarar moɗa ta bugi bakinta, ka ji shiru na mai haɗiya, sannan ka ji "Alhamdu lillahi" daga can ƙasan ciki. A ƙarƙashin bakunan gadar kuma mata ke wanki, bugun tufafi yana amsawa a jikin dutse. A nan na samu ƙawata Tabawa, ɗiyar tsallake, mai bakin da ba ya kwana. Mu shiga bakin tsakiya mu ƙwala kiran sunan saurayin wata, dutse ya mayar mamu, mu ruga. Yanzu in na kasa kunne daga tsakar gida ba na jin komai sai kiɗan waya da kukan babur.

Inna ba mai yawan magana ba ce, amma a kan randa tana da doka. Ba a tambayar mai sha sunanshi ko garinsu. Ba a tsayawa kusa ana jiran godiya. Babbar kuwa ita ce ba a cewa babu. Takan ce, "In kin iske ta ƙare ga mutum tsaye, ki ce mashi akwai, ya zauna, ke ki ruga. Bakinki kada ya saba da babu a wurin nan." Ina jin wannan kamar sauran faɗan iyaye, har shekarar da ruwa ya ɗauke.

Ina 'yar budurwa lokacin, na fara ɗaukar babban tulu ke nan. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rafin da ke cin jaki ya koma yashi fari fat, sai mu tona da ƙoƙo har hannu ya nutse zuwa kafaɗa, mu tsuguna muna jiran ɗan abin da zai tsattsafo, mu kwalfa, mu sake jira. Tun sanyin safiya har hantsi ya ɗaga kafin tulu ɗaya ya cika. Mutane kuma suka fara gangarowa daga arewa a ƙasa, da tabarmi a ka da yara a kafaɗa, ba jaki ba akuya, suna haye gadar sun nufi kudu. Randa ba ta kai azahar. Baba ya ce, "Ki ɗauko randar nan ki kawo gida sai Allah ya sauko da ruwa. Mu ma nan ba mu ƙoshi ba." Inna ta ce, "Malam, mu in mun ji ƙishi mun san inda za mu tona. Su ba su sani ba." Daga nan ya daina kallon wajen gada.

Wata rana na shigo da tuluna, wuyana kamar ya karye, na iske randar gida ƙaf, ƙanena yana kuka. Na ce yau dai wannan namu ne. Inna ta tsiyaya moɗa guda ta ba yaron, ta zuba kaɗan a tukunya, ta ce in ɗauki sauran mu tafi. Na ɗauka ina hawaye, ina tafe ina ƙunƙuni, ita ko waiwaye ba ta yi ba. Muna fitowa daga bayan dangar ƙarshe sai muka hango mace a bakin gurbi, da goyo, ita kaɗai, ayarinsu ya yi gaba. Ta ɗaga faifai ta leƙa. Ta daɗe tana leƙe. Sannan ta mayar da shi a hankali, ta daidaita shi da hannu biyu, ta kife moɗa yadda ta same ta, ta gyara goyo za ta wuce. Ban taɓa jin Inna ta ɗaga murya ba sai ranar. "Akwai! Baiwar Allah, tsaya, akwai!" Ta fizge tulun daga kaina, ta ruga da shi, ruwa na fantsama a zanenta. Matar ba ta jin Hausarmu sosai, leɓunanta sun tsattsage. Da aka miƙa mata moɗa ba ta sha ba, sai ta sauke goyon, ta tsoma bakin mayafinta, tana matsa wa yaron a baki, ɗigo ɗigo, har ya motsa ya fara tsotsa. Sai da ya yi kuka sannan ta kai moɗa bakinta. Ta sha, ta huta, ta sake sha. Inna ta cika mata ɗan goran da ke rataye a kafaɗarta. Ta dube mu, ta goya ɗanta ta bi sawun 'yan'uwanta. Ban san sunanta ba, ban san ko yaron ya rayu ba.

A hanyar komawa ina jiran Inna ta yi mani faɗan ƙunƙunin da na yi. Ba ta yi ba. Sai da muka kusa ƙofar gida ta ce, "Kin ga yadda ta mayar da faifan nan? A hankali, kamar ita ce ta yi laifi. In na mutu kada ki bari wani ya mayar da shi haka." Tun daga ranar ba a sake tada ni da asuba ba, ni ke tashi. Da aure ya zo, Allah ya sa ɗan unguwarmu na so, ban yi nisa ba. Da Inna ta tsufa na karɓa gaba ɗaya. Randuna sun fashe an sake, wata saniya ta ture, wata ta tsage da kanta, amma wadda ke wurin yanzu Inna ce ta zaɓe ta da hannunta a kasuwar Kurfi, ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ta saurara, ta ce wannan. Ita ce ta ƙarshe da ta taɓa. Na haifi 'ya'yana, na aurar da su, na binne mijina, kuma har a kwanakin jego da na takaba, waɗanda Tabawa ta riƙe mani, ba a wayi gari randar nan ta bushe ba. Wannan ina faɗinshi da baki cike, a je a tambaya.

To sai aka ja kwalta ta can ƙasa, aka yi sabuwar gada ta siminti, miƙaƙƙiya kamar allo, ba ta da ko inuwa. Motoci suka koma can, jakuna suka bi su, daga baya ma jakunan suka ƙare aka koma babur. Tamu ta zama ta masu zuwa gona, da mata masu itace, da makiyayi jefi-jefi. Ban fasa ba. Ko mutum ɗaya ne ai mutum ne. Sai ruwan leda ya shigo, kowa ya fasa da haƙori ya tsotse ya yar, na fara iske randa da yamma kusan yadda na bar ta. Duk da haka nakan ga moɗa ta sauya zama, in san wani ya sha, in koma gida da daɗi.

Ana nan sai ɗaliban jami'a na Dutsin-Ma suka gano wurin. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, don gadar nan abin kallo ce, mu ne muka saba har muka daina gani. Ku zo ƙarshen damina da la'asar, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau, rana ta bugi dutsen ya yi ja kamar gauta. Bakunan nan lanƙwasassu kamar rufin soro, inuwarsu a cikin ruwa sai ta haɗe da su su zama zobe. Tsattsewa na shiga suna fita daga sheƙunansu, tsamiya ta baje, ba dutse biyu da suka yi kama da juna amma kowane ya rungumi ɗan'uwanshi, ko tsinke ba ya shiga. Ruwan da ya sha cinye sabbin kwalbatoci ita bai taɓa gusar da ita ba. Da Sallah wurin cika yake, masu rake da masu awara su kafa, yara su yi ta tsalle a yashi. In suka gan ni zaune sai su kewaye ni. Wani mai tabarau ya ce, "Kaka, wai da gaske aljanu ne suka gina ta?" Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ɗaya daga cikin aljanun shi ya haife ni, Malam ake ce mashi, yana da sanƙo a tsakar kai." Suka kwashe da dariya, suka ce in sake faɗi su ɗauka. Na ce ba na maimaita magana, wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi.

Gwiwoyi ne suka ci amanata. Bara suka kumbura, ɗiyata ta zo ta ɗauke ni ta kai ni gidanta a Dutsin-Ma ana nema mani magani, na ɗan daɗe. Tabawa ita ma ido ya yi rauni, ba ta haye rafi sai an riƙe ta, sai na bar wa Sagir amanar randa. Shi ne shugaban samarin unguwa, yaro ne mai zuciya, ba na ƙi. Suka yi gayya, suka share ledoji, suka sare ƙaya, suka jera duwatsun zama domin baƙi. Ranar da na dawo ko hutawa bai bari na yi ba. "Amarya, hau babur, yau za ki ga abin da mijinki ya yi maki." Har Tabawa ya sa aka ɗauko, na iske ta zaune gindin tsamiya tana taunar goro da dasashi.

Na sauka na duba gurbi, sai na ga wani abu shuɗi yana ƙyalli. Sun zuba siminti sun ɗaure randar har wuya, abin da ya rage a waje sun shafe shi da fenti mai maiƙo, ciki da baya, har da zanen fure. Sagir ya ce, "Kin gani? Yanzu ba ɓarawon da zai ɗauka, ba saniyar da za ta ture. Baƙi rububinta suke, kowa sai ya tsaya kusa da ita an ɗauke shi. Ko bayan ranki tana nan daram." Na matsa na ɗora tafin hannuna a wuyanta. Zafi, a bushe, kamar goshin mai zazzaɓi. Randa fa numfashi take yi. Ta jikinta take fitar da zufa iska ta buga, shi ne sanyin. In ka toshe mata jiki ta zama bokiti. Kuma wadda ba ta ciruwa ba ta wankuwa. Tabawa ta lalubo ta da hannu, ta shafa, ta kai hanci. Ta ce, "Ke, wa ya yi wa randar Inna kwalliyar amare? Sagir, kai ne? To saura ka sa mata jan baki ka nemo mata miji." Ya yi dariya, yana dubana, yana jiran in sa albarka. Fuskar nan tashi kamar ta ranar da ya fara kawo mani ɗan tsuntsun da ya kama. Na ce, "Allah ya yi maka albarka, maigida. An sha aiki."

Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Na sa aka cika ta. Kafin azahar ruwan ya yi ɗumi yana warin fenti, jema ma ta kasa. Bayan 'yan kwanaki na ƙasan ya yi kore, ba halin a kife, sai dai a kwalfe da tsumma. Wani makiyayi ya kurɓa ya furzar a gabana, ya ce, "Kaka, yau lafiya?" Na ce a daina zubawa. Da Sagir ya gane, ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina ba wasa a bakinshi, ya ce zai kawo guduma ya fasa simintin. Na ce, "In ka bugi simintin me zai fara tsagewa?" Ya gane randar ce. Na ce ya bar ta. Gara ina ganinta a tsaye ko ba ta aiki. Ya ce to zai riƙa sayo ruwan leda yana zubawa a ciki. Ya yi kuwa, kafin hantsi yara sun kwashe, ledojin suna yawo a rafi. Ban ga laifinshi ba har yau. A gidan famfo da firji ya yi wayo, wa ya taɓa zaunar da shi ya ce mashi tukunya na numfashi? Mu ne muka ɗauka abin da muka sani kowa ya sani.

Sallar da ta wuce, washegari, na ce ya kai ni in ga mutane. Na sa aka cika mani ɗan tuluna tun asuba, da jema, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ya ce, "Amarya, da wannan kayan za mu hau babur? Sai a ce gudun hijira muke." Na ce, "In ba za ka iya ba in nemi wani mijin." Ya kai ni, ya koma ya ɗauko tulun, ya aje mani a gindin tsamiya, ya shiga cikin abokanshi. Wuri ya cika, turare ko'ina. Ina zaune sai ga wata ɗiya, doguwa, da lalle har gwiwar hannu, ta ɗauki moɗa ta kai baki, ta lumshe ido, ƙawarta na ɗaukarta a waya. Moɗar ba komai a ciki. Suka duba hoton, suka sake. Ƙawar ta yi gaba. Ita kuwa sai ta tsaya, ta waiga, ta ɗaga faifai ta leƙa. Ashe ƙishin gaske take ji. Ta ga wayam. Ta mayar da faifan a hankali, ta daidaita shi, ta kife moɗa a sama.

Ban san lokacin da muryar ta fita ba. "Akwai! Ke ɗiyar nan, zo, akwai!" Har masu rake suka waigo. Ta taho da kunya, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce ta miƙo moɗar, na ɗauraye, na tsiyaya mata. Ta duba ruwan, ta dube ni, na ga tana shawara da zuciyarta. Na ce, "Sha, ba a mutuwa. Ni shi na sha har haƙorana suka zube don kansu." Ta yi dariya ta kurɓa. Sai ta buɗe ido. Ta shanye tas, ta miƙo na ƙara.

"Hajiya, ƙanƙara kika sa?"

"Ban je Makka ba, Kaka za ki ce. Kuma ba ƙanƙara."

"To me ke wannan ƙamshin? Wallahi kamar ƙasar da aka yi wa ruwan farko."

Na ce jema ce. Ta ce ba ta taɓa ji ba. Ta zauna kusa da ni a kan saiwar tsamiya, ta manta da hoto, na ba ta labarin gurbin da mai karyayyar Hausa. Ban tambaye ta sunanta ba, ban tambayi garinsu ba. Da ƙawarta ta ƙwala mata kira ta miƙe, ta kaɗe zane, ta ce, "Kaka, gobe zan dawo da ƙannena su sha. Akwai?"

Na ce, "Akwai."

Bakina bai iya ɗayar kalmar ba.

Washegari gwiwoyin nan suka tashi kamar an hura su, zaman babur ya tayar da su, ko bakin zaure da rarrafe na kai. Tulu dai na sa an cika tun asuba, da jema, da jiƙaƙƙen buhu. Sagir ya yi sammako ya ɗauki fasinja zuwa Karofi, wayarshi ba ta shiga. Yaran gida duk sun watse yawon Sallah, matan suna fama da baƙi, na yi magana aka ce to, bari a sauke tukunya, tukunya kuwa ba ta sauku ba. Na zauna a ƙofar gida da tulu a gabana ina jiran mai tafiya wajen gada a ƙasa, in roƙe shi ya kai mani. A ƙofar nan da ayari ke wucewa har ƙura ta hana mu shanya. Babura suka yi ta wucewa, kafin in ɗaga hannu sun ɓace. Hantsi ya yi, azahar ta yi, inuwa ta juya, aka kira la'asar. Daga can rafi ina jiyo kiɗa da shewar yara.

Da rana ta yi ja na janye buhun, na tsiyaya a moɗa na sha. Sanyi har cikin kai, ƙamshin nan na nan yadda Inna ta bar shi. Ban san ko ɗiyar ta dawo ba, ba wanda zan tambaya tunda ban san sunanta ba. Amma na ga hannunta ranar nan. In ta dawo da ƙannenta ta ɗaga faifan nan, na san yadda za ta mayar da shi.